Mamatsin Delbert Haugen

Da hantsin Talata, sha ɗaya ga Maris, Arlene ta kira ni ta ce mijinta Delbert ya rasu a asibitin Lewistown, yana da shekara saba'in da tara. Na ce mata sannu, na ajiye wayar, na shiga gareji na zauna a gaban bencinsa na ɗura harsashi. Shekara huɗu ke nan bencin yana gidana, kuma dalilin zuwansa ne ya sa na ɗauki biro, ni da makaranta ta sallame ni tun ban iya rubuta Laraba daidai ba.

Delbert, kai ka koya wa rabin ƙungiyarmu ta mafarauta ɗura harsashi. Ka koya mana auna albarushi sau biyu, da rufe baki lokacin awo, wanda shi ne ya fi ba ni wuya. Shekarar da na karye a ƙafa, kai ka kai 'yata Darla farauta, ka dawo ka rantse barewar da harbi ɗaya ta faɗi, alhali Darla ta ce uku ne. Duk kaka sai ka raba wa tsofaffin unguwa nama, ka ce firijinka ne ya cika.

Kwanson harsashi na tagulla kawai ka yarda da shi. Ni kuwa mai rufin farin ƙarfen nikel ya tafi da hankalina: fari fes, ba ya yin kore a ɗamarar fata, yana shiga bindiga sumul, in ya faɗi cikin ciyawa ka hango shi. Kai ka ce, "Wendell, kai da hankaka uwarku ɗaya, duk abin da ke ƙyalli sai kun ɗauka. Ɗuri huɗu, biyar, bakinsa ya tsage. Rufin ya ɓare, ya ci maka mamatsi."

Na ce, "Tsoho, kishi kake yi."

Da nawa mamatsin ya lalace, wato ƙarfen da ake cusa kwanso a ciki ya koma daidai awonsa, na ari naka. Sharaɗi ɗaya ka sa: ban da farin kwanso. Na ce haba. Na je na cusa masa guda ɗari biyu, don Darla ta ga harsasan ubanta suna walƙiya. Ɓarɓashin nikel ya maƙale a ciki. Na ga zanen da ɓarɓashin ya ƙarza a kan kwanso na ƙarshe, na gan shi sarai. Na goge mamatsin, na mayar da shi akwatinsa, na kawo maka haɗe da gwangwanin kofi.

Bayan mako biyu ka kira ni. Na je na tarar da kwanso talatin a jere, kowanne da zane daga wuya zuwa gindi. Ka ce, "Shekara arba'in ban taɓa barin tsakuwa ta shiga ƙarfena ba. Yau ta shiga ban gani ba, na yi talatin kafin in lura. Idon da bai ga wannan ba, gobe albarushi zai ninka wa wani." Mamatsi abu ne da ake canzawa a kanti cikin minti biyar, amma kai ba ƙarfen ka tuhuma ba. Idonka ka tuhuma.

Ina tsaye, hannuna cikin aljihu. Kalma biyar ta isa. Ni da ba a iya rufe mini baki ko a coci, ranar na yi shiru.

Ka ce, "Kwashe bencin, Wendell. Kai surutu ne da kai, amma hannunka na da gaskiya."

Na kwasa. Har da kujerar.

Arlene ta sha gaya mini cewa tun da bencin ya tafi ba ka san yadda za ka yi da lokacin sanyi ba, sai zama a bakin taga. Nakan yi mata barkwanci. Sau uku na zo da niyyar faɗa, sau uku na ci kek ɗin tuffa na koma gida.

Idonka lafiya lau yake, Delbert. Ni ne.

Allah Ya ji ƙanka, Ya ba ka hutun da na rage maka a nan. Ya ba Arlene da 'ya'yanku, Curtis da Joanne, haƙurin rashi. Arlene, a nan za ki fara jin wannan, don ban iya faɗa a gabanki ba. Ranar Asabar zan kawo bencin in ajiye wa Curtis. In kin buɗe ƙofa, na gode. In ba ki buɗe ba, zan sauke shi a baranda, kuma kada ki sa kek.

Wendell Pruitt