Duwatsun Murhun Inna

Jiya na kai wa Inna murhun gas a Kiru. Na sunkuya zan kwashe duwatsun tsohon murhunta, sai ta riƙe mini hannu.

Ba duwatsu ba ne. Ƙananan bulo ne uku da Yaya Sabi'u ya buga a shekarun casa'in, yana digirinsa na uku. Yakan kwaso ƙaiƙayin shinkafa daga Tudun Wada, ya ƙona, ya gauraya tokar da siminti, wai a rage hayaƙin da masana'antar siminti ke fitarwa.

Wata rana ya tarar Inna ta tsame su daga ruwan da ya jiƙa su, ta ɗora tukunya.

"Inna! Gwajin wata guda kika ɓata mini!"

"Yo ba ƙarfi kake nema ba? Ga shi sun ɗauki tuwon gidan nan."

Ya yi dariya har da hawaye. Bai kammala karatun ba, hatsarin mota ya ɗauke shi.

Jiya ta ce, "Bar su. Ni har yanzu ina yi masa gwajin."

Ku sa shi a addu'a. Ku ma akwai abin da ba a taɓawa a gidanku?