Duwatsun Takama

Duk wanda ya yi gini a Bazaga cikin shekara talatin da suka wuce ya san Takama mai amalanke. Mutum ne mai kaifin baki, amma bai taɓa cewa gobe ya kai jibi ba. Jakinsa ɗaya ne, da shi yake ci da iyalinsa, kuma a lokacin da nake ba da labari jakin ya tsufa.

Da labari ya zo cewa wani poroje, wato shirin agaji, zai ba ƙauyen tallafin gina rumbun cimaka, dattawa suka taru a ƙofar masallaci bayan la'asar. Aka ba Takama aikin ɗauko dutse da yashi, aka yanke masa lada, liman ya shafa fatiha. A wurin Takama magana ta ƙare ke nan. Ya yi niyyar in an biya shi ya sayi ɗan jaki, tsohon ya huta.

Washegari ya fara, don ya riga damina, kafin hanyar fako ta lalace. Kwana arba'in yana kai da kawowa. Bayan jakin ya yi gyambo, ya shafa masa man shanu, ya ci gaba. Har mutane na tsokanarsa, wai zai kwaso dutsen Konni kaf. Ana gama aikin da mako biyu jakin ya kwanta, bai sake tashi ba.

Takardar porojen kuwa sai da aka yi shuka sannan aka sa mata hannu a buro, ofishinsu. Maman Sani, sakataren ƙungiyar ƙauyen, ya zo da ita gidan Takama, ya zauna yana ta juya ta.

"Kawu, akwai abin da tallahin ka biya, akwai wanda ba ya biya. Siminti, ƙarhe, magina, jigila, duk suna ciki. Amma sai aikin da anka yi bayan ranar sa hannu."

"To ni yaushe niy yi nawa?"

"Kahin ranar, Kawu."

"Ba gabanka anka yi hwatiya ba?"

"Gabana ne. Su dai ba su san da ita ba."

Ni dai ban ga laifin Maman Sani ba, kuma ba na cewa dokar banza ce. An kafa ta ne saboda masu ƙirƙirar aikin da ba su yi ba. Amma abin ya yi mini ciwo, har yau yana yi. Ƙungiya ta yi wa Takama karo-karo, abin da aka tara bai kai kuɗin akuya ba. Ya karɓa ya yi godiya, bai sake ta da maganar ba.

Rumbu ya ginu a kan duwatsunsa. Amalanken na jingine a bayan gida, tayoyin sun sace. Idan bazara ta yi tsanani aka buɗe rumbun, Takama kan bi layi kamar kowa, ya sayi tiya biyu ta gero, ya ɗora a ka ya tafi gida a ƙasa.