Agogon Kawu Mai Guga

Ka taɓa ganin mutumin da yake auna zafin dutsen guga da karan sigari? In ba ka taɓa ba, to ba ka san kawuna ba, yayan mahaifiyata, wanda duk layinmu ke kira Mai Kari. Sunan ya dace da shi. In ya ɗora wa wando kari, sai wandon ya tsufa ya yage, karin yana nan a tsaye.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne, manne da nawa inda nake gyaran waya. Katangar da ta raba mu ba ta kai rufi ba, saboda haka duk abin da Kawu ya zuƙa, ni ma ana aiko mini da rabona kyauta. A ciki akwai dogon tebur da aka shimfiɗa wa barguna uku da tsohon zanen gado, igiya biyu ta rataye kaya, buhun gawayi a lungu, bokitin ruwa da kofi. Sai dutsen guga na gawayi guda ɗaya tal, baƙi ƙirin, mai nauyin da in ya faɗo maka a ƙafa sai an ɗauke ka. Na sha ce masa ya sayi na biyu, yana aiki da ɗaya, ɗaya yana yin zafi, aiki ya ninka.

"Kai da ka san waya," in ji shi, "tsaya a wayarka."

Ga yadda yake aikinsa. Ya zubar da toka, ya cika dutse da gawayi, ya ɗora garwashi, ya fifita. Sai ya sa awartaki ya ɗauko garwashi ɗaya ya kunna sigari, ya jingina da bakin ƙofa. Da wutar ta ci ta kai auduga, dutse ya yi. Bai wuce ba, bai gaza ba. Kowane mai guga a duniya yana lasar yatsa ya taɓa gindin dutse ya ji ƙarar da zai yi. Kawu bai taɓa koyon wannan ba, domin tun yana yaron shago maigidansa da sigari ya koya masa, shi kuma ya riƙe karatun da kyau.

Ni mutum ne mai son ƙirga, to na ƙirga. Sau goma sha huɗu yake cika dutse a yini. Amma guntayen da na samu a gwangwanin madarar da yake zubawa ashirin da ɗaya ne. Na tambaye shi sauran bakwai ɗin fa, wane dutse suka auna?

"Waɗannan na tunani ne."

Singiletinsa ta aiki kuwa, huda talatin da ɗaya na samu a gabanta, duk na tartsatsin sigari. Amma ka kuskura ka kira shi mashayi, ranar za ka ji tarihin danginku.

"Mashayi shi ne mai sha don daɗi. Ni kayan aiki ne. Ka taɓa ce wa tela mashayin almakashi?"

Ranar da ba ya buɗe shago ma yana kunnawa, wai don kada hannu ya manta. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta daɗe da gajiya da magana. "Ni ai hayaƙi na aura," take cewa. "Mijin yana can ciki, in iska ta kaɗa nakan hango shi."

Abu na biyu da Kawu yake alfahari da shi shi ne feshi. Kafin ya ɗora dutse a kan riga, zai kurɓi ruwa ya cika kumatu, ya matse leɓe, ya fesa. Ruwan yakan fito kamar raɓa, ko'ina daidai. Yakan yi shi ne riga bayan riga, ya fesa ya goge, ya fesa ya goge. Yara sukan tsaya kallo.

Na uku, wanda ya fi komai, shi ne fararen kaya. A ƙarshen layinmu akwai ƙaramin asibiti, kuma babbar nas ɗin wurin, wadda kowa ke kira Sista, shi take kawo wa fararen rigunan ma'aikatanta gaba ɗaya. Kawu yakan rataye su a igiyar gaba, kusa da ƙofa, yadda ko makaho ya wuce sai an gaya masa. "Baƙin wando kowa ma ya goge," yake cewa. "Fari ne ke nuna waye waye." Saboda waɗannan riguna ne duk mai farin kaya a unguwar yake kawo masa nasa. In asibiti ya yarda da mutum, kai wa kake da za ka yi shakka?

Wata safiya Sista ta zo da kanta karɓar kaya, saura riga ɗaya, tata. Ta tsaya a ƙofa tana jira. Kawu ya ga 'yar kallo mai daraja, sai ya gyara tsayuwa, ya shimfiɗa rigar, ya kurɓi ruwa har kumatunsa suka yi kamar an hura. A daidai nan tarin nan nasa na safe, wanda yake cewa sanyi ne tun kafin a haife ni, ya taso daga ƙasan ƙirji. Abin da ya sauka a gaban rigar ba raɓa ba ne. Ba zan bayyana shi ba, wataƙila kana cin abinci. Launinsa dai kamar shayin jiya.

Na leƙo ta saman katanga. Sista ta ɗaga rigar da yatsu biyu, ta dube ta, sannan ta jawo ɗaya daga cikin waɗanda aka gama ta kai hanci.

"Baba, wata uku ke nan 'yan matana suna ƙorafi, marasa lafiya suna tambayarsu ko suna shan taba a ɓoye. Ni ina kare ka, ina cewa warin gawayi ne."

"Gawayin ne, 'yata. Gawayin yanzu ba shi da kyau."

"To gawayin ne ya yi tarin nan?"

Kawu ya dubi dutse, dutse bai taimaka ba.

"Zan kwashe kayana," in ji ta. "Ranar da bakinka ya rabu da ita, ka aiko a gaya mini, in zo in shinshina da hancina. Kuma gobe ka zo asibiti a saurari ƙirjin nan, don wannan ba tari ba ne, injin niƙa ne."

Ta tattara komai ta tsallaka titi, ta kai wa wani sabon shago mai guga da lantarki. Kafin mako ya zagayo, labari ya gama layi da ƙari. Fararen kaya suka bi Sista ɗaya bayan ɗaya. Igiyar gaba ta koma ta wandunan 'yan makaranta da labulen da ya kwana biyu. Kawu yakan zauna ya zuba wa shagon tsallake ido, inda fararensa suke lilo a ƙofar wani.

Ya je asibitin, don Inna ta tasa shi gaba. Abin da aka gaya masa bai maimaita mana ba, amma ya dawo ya miƙa mini rabin kwalin sigari.

"Ungo, jefar. Na bari."

Inna ta ce, "Ikon Allah. Ni na yi magana har muryata ta tsufa, ashe riga ce za ta yi magana a ji."

Washegari aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Mai Kari ya cika dutse ya tsaya a kansa kamar baƙo, bai san ko ya yi ko bai yi ba. Ya ɗora da wuri, riga ta ƙi miƙewa. Ya ƙara jira, ya ɗora a wandon wani malamin makaranta, ya ɗaga, sai ga hoton gindin dutse a cinyar wando, an zana shi tsaf. Ya gwada lasar yatsa irin na sauran mutane, yatsan ya tashi. Kafin azahar ya zagi gawayi, ya zagi mafici, ya zage ni ta saman katanga ba tare da na ce komai ba.

Sai basira ta zo masa. Ya aika aka sayo kara ɗaya, ya kunna, ya ɗora a bakin tebur, ya koma gefe ya harɗe hannu.

"Ba sha nake ba," ya ce da ni. "Agogo ne kawai."

Sai dai agogon in ba a zuƙa ba, tafiyar hawainiya yake, wani lokaci ma ya mutu. Dole mai agogo ya riƙa ɗan duba shi, ya kai baki ya tabbatar yana da rai. Na ƙirga, sau tara ya duba lafiyar agogo ɗaya. Inna ta shigo da kwanon abinci ta tarar da shi yana dubawa ta goma.

"Sannu da gyaran agogo," ta ce. "In aika a gaya wa Sista ta zo ta shinshina?"

Ya murƙushe shi a gwangwani, bai ɗago kai ba. A ranar ne na ga abin ya daina zama wasa. Gumi yana karyo masa, kuma ya ce da ni a hankali, yadda Inna ba za ta ji ba, "Ɗan nan, da na ɗora garwashi sai bakina ya fara nemanta. Ban san me zan yi da shi ba."

To nan ne ƙirga ta yi rana. Na zauna a shagonsa na lura. Yana guga, ba ya tuna ta. Yana ninki, ba ya tuna ta. Abin yana kama shi ne a wuri ɗaya: tsakanin ɗora garwashi da zafin dutse, lokacin da hannu ba shi da aiki, baki ma haka. Muka gwada alewa, haƙorinsa na gefe ya ƙi. Muka gwada cingam, ya ce shi ba budurwa ba ne. Sai na ce masa, maimakon ya riƙa fesa riga ɗaya ɗaya, ya bar feshin duka sai lokacin jira. Da ya ɗora garwashi, ya kurɓi ruwa, ya fesa riga, ya nannaɗe ta, ya ɗauko ta gaba. Bakin da ke cike da ruwa ba shi da wurin ajiye sigari.

"Shawarar mai gyaran waya," ya ce. Amma ya yi.

Riga huɗu, dutse bai yi ba. Riga takwas, ya wuce. Riga shida, daidai. Ya maimaita, shida. Ya sake, shida. Ya ɗora dutse a ta farko, wadda ruwa ya gama ratsawa, ta miƙe kamar takarda. Bai ce na gode ba. Cewa ya yi dama ya daɗe yana tunanin yin haka.

Ba wai abin ya tafi ne a rana ɗaya ba. Makonnin farko barcinsa ya lalace, ya ci abinci kamar mutum uku, Inna ta ce gara hayaƙin, shi ba ya ƙarar da tukunya. Ga kuma mai facin taya na bakin titi, tsohon abokin zuƙarsa, wanda ya ɗauki dainawar Kawu a matsayin cin amana. Kullum sai ya zo ya jingina a ƙofa daidai lokacin garwashi, ya busa hayaƙi ciki.

"Mai Kari, kara ɗaya fa ba ta kashe kowa. Ungo, don zumunci."

Kawu, kumatu cike: "Mmm."

"Ka zama ɗan asibiti ke nan? Gobe sai su ba ka hula."

"Mmm."

Wata rana mai faci ya matso ya kai karan har gaban hancinsa. Na ga idon Kawu ya bi shi kamar na mage a kan kifi, hannunsa ya fara ɗagowa. Sai ya juya kai kaɗan ya yi feshi mafi kyau da na taɓa gani, lallausa, ko'ina daidai. Sigari ta mutu, gashin bakin mai faci yana ɗiga.

"Au, yi haƙuri," in ji Kawu. "Na ɗauka riga ce."

Daga ranar mai faci daga tsallake yake gaisuwa.

Sai da tarin safe ya lafa sosai sannan Kawu ya yarda aka aika wa Sista. Ta zo da riga ɗaya kacal a hannu, ba ta miƙa ba. Ta shinshina barguna, ta shinshina labule, ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta ce ya yi mata huci. Dattijo mai jikoki ya buɗe baki ya yi wa sa'ar 'yar cikinsa huci kamar yaron da ake zargi da satar madara.

"Ba laifi," ta ce. "Amma Baba, ko bakinka ya fi na jariri tsabta, ba za a sake fesa wa kayan asibiti ruwan baki ba. Da can ma ban san haka ake yi ba sai da na gani." Ta zaro kwalbar feshi ta roba daga jaka ta ajiye a tebur.

Kawu ya dube ta kamar an ajiye masa mataccen ɓera. "Wannan ai ta masu aski ce."

"To. Ko ita, ko tsallaken titi."

Ya ɗauka.

Yanzu in ka biyo ta layinmu, za ka ga fararen riguna sun cika igiyar gaba. Za ka kuma ga wani dattijo yana fesa wa riga ruwa da kwalba, alhali kumatunsa cike suke da wani ruwan daban wanda ba shi da aikin komai. Sai ya gama shida yake zuwa bakin kwata ya zubar. In ka gaishe shi a tsakani, "mmm" za ka samu. Inna ta ce tunda aka ɗaura musu aure ba ta taɓa jin daɗin hira da shi kamar a wannan lokacin ba.

Kai kuma da kake karanta wannan da kara a tsakanin yatsu, na san kai ma ba mashayi ba ne, kayan aiki ne. To gobe ka lura da kanka ka ga a wane gurbi take kama ka: bayan cin abinci ne, ko jiran mota, ko in waya ta yi ƙara. Da lokacin ya zo, ka kurɓi ruwa ka riƙe a baki, ka ba hannunka aiki guda shida, ko na mene ne. Ka gwada sau ɗaya dai. In an yi maka dariya, ce musu "mmm".