Khalilu Rewaya, Mai Dafa Ƙarfe

Idan ka zo tashar Tsanyawa da hantsi, za ka tarar da wani siririn dattijo a gindin dalbejiyar da ke bayan teburin mai shayi. Ya shimfiɗa tsohon buhu, ya jera mitarsa da filaya da guntayen waya, ga wani gwangwanin madara a gefe da ya yi baƙi ƙirin don shan wuta. Malam Khalilu ke nan, mai wayarin ɗin mota, wanda direbobi ke kira Rewaya. Shekara talatin da biyu yana zaman nan. Sai ya leƙa gonarsa da sassafe sannan ya taho a keke. Ba ya doguwar gaisuwa, kuma idan ka kawo masa mota kana gaggawa, to ka haɗu da gamonka. A ƙarshen watan nan zai naɗe buhunsa, don ido ya fara gardama, jar waya da mai ruwan ƙasa sun soma zame masa abu ɗaya. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, kuma raina a ɓace nake rubutun, ina jin haushin mutanen tashar nan, ina jin haushin kaina.

A jikin injin mota akwai wani ɗan ƙarfe da bai kai babban yatsa ba, sensa ake ce masa. Aikinsa ya ji zafin ruwan inji ya sanar da allurar da ke gaban direba. Idan ya tsufa, ko tsatsa ta ci bakin wayarsa, sai ya koma maƙaryaci. Inji yana lafiya lau, allura ta haye ja, fitilar gargaɗi ta kama. To me mutanenmu ke yi? Wani ya liƙe fitilar da baƙin salatif. Na ga wanda ya manna mata hoton ɗan takara. Mai wayon cikinsu shi ne wanda zai sa a datse wayar gaba ɗaya, ya dawo yana washe baki wai an gyara.

Malam Khalilu ba ya wannan aiki. A gaban jama'a wani direba, Usaini, ya tsaya a kansa ya ce, "Malam, datse min wayar nan in wuce, lodin wake gare ni zuwa Dawanau."

Ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Ba na datsewa. Ranar da ruwan ya ƙare da gaske, wa zai gaya maka?"

Usaini ya yi tsaki ya nemi mai datsewa, kuma bai sha wahalar samu ba. Bayan mako uku lagireto ya huje a hanya, ba fitila ba allura, inji ya buga da wake a kai. Kun san abin da ya biyo baya? Usaini ya daina gaishe da Malam, wai bakinsa ne ya kama shi.

Shi kuwa hanyarsa ɗaya ce. Ya kwance sensan, ya jefa bakinsa a gwangwanin nan da ruwa, ya ɗora a gefen murhun mai shayi, ya ɗana mita ya zauna yana kallo. Idan ruwan na ɗaukar zafi lambar mita na sauka a hankali, sensa na da gaskiya, a nemi ciwon a inji. Idan lambar na tsalle kamar fara, sensan ne ya mutu. Daga nan 'yan tasha suka laƙaba masa Mai Dafa Ƙarfe, suna tambayarsa ko ya nuna a kawo yaji. Ni ma na yi dariyar, ba sau ɗaya ba.

Shekarar da fetur ya gagari kowa, kwanon gero ya zama abin da magidanci ke tunani kafin ya taya, bas ɗin ƙanena Iliyasu ta fara wannan ciwo. Da ita yake ciyar da gidansa da mahaifiyarmu, Inna Barira, don albashina na malamin firamare ba ya ganin tsakiyar wata. Allura ta hau ja, sai ya tsaya ya sauke fasinja a bakin hanya, suna zaginsa. Makaniki na farko ya wanke lagireto. Na biyu ya canza fanka. Na uku ya kasa kunne kamar likita ya ce injin ya gama yawo, sai dai a sayo ɗan Kwatano.

Ba mu da abin sayarwa sai gonar da mahaifinmu ya bari a bayan gari. Duk ɗan ƙasar nan ya san abin da wannan ke nufi. A nan gona tana manne da gona, ba dajin da za ka je ka sare, wadda ta fita hannunka ta fita ke nan har jikoki. Amma na amince. Ni da na yi boko, ni na nemo mai saye, muka sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a zo da mai unguwa a taka iyaka.

Ranar Laraba Inna ta kira mu. Ta ce, "Kun kai wa Khalilu?"

Na ce, "Inna, wannan ba aikin waya ba ne, inji ne."

Ta ce, "Ni ban san inji ba. Amma kafin ku sayar da inda ubanku ya tsufa, ku bari wanda ba ya gaggawa ya duba."

Don kar ta yi fushi muka kai ranar Alhamis. Malam Khalilu ya sa Iliyasu ya tada motar. Kafin mai shayi ya gama haɗa min kofi, allura ta haye ja. Malam ya ɗora tafin hannunsa a kan injin, ya bar shi a nan, ya dube mu.

"Wane inji ne ke tafasa cikin minti biyu? Ku taɓa."

Muka taɓa. Ko ɗumin kirki bai yi ba. Mutum uku sun karɓi kuɗin yaron nan, ba wanda ya taɓa. Ya zaro sandar mai ya duba, baƙi ne ba ruwa a ciki. Ya kwance sensan ya dafa, lambar ta yi ta tsalle a gabanmu. Ya ce a sayo sabo a Kano, ya kankare tsatsar bakin wayar kafin a dawo. Aka kawo, ya ɗaura. Da la'asar Iliyasu ya yi lodin Makoda ya dawo, allura na tsakiya ba ta motsa ba. Na rasa inda zan sa kaina don kunya. Abin da Malam ya ce da ni kawai shi ne, "Malam makaranta, ka dinga taɓa abu kafin ka yanke masa hukunci."

Malam Khalilu, kai ne ka ƙi rufe bakin fitila don a ji daɗinka. Kai ne aka yi wa dariya shekara talatin ba ka canza hali ba, ga shi za ka tashi ba wanda ya zo ya ce koya min. Gaskiya kai ma kana da laifi, fuskarka ba ta gayyatar mutum. Amma laifinmu ya fi yawa.

Ku masu gyara na tashar nan da na Makoda, saura 'yan kwanaki. Ku ajiye girman kai ku je ku zauna kusa da shi, ku ga yadda ake bambance ciwon gaske da na ƙarya kafin a sa wani ya rabu da abin da ba zai dawo ba.

Na gode, Malam. Allah Ya ƙara wa idonka haske, Ya sa ka gama lafiya. Ban taɓa gaya maka abin da za mu yi a waccan Juma'ar ba, yau na faɗa. Inna ta rasu da damina ta zagayo, kuma ta rasu gonar mijinta tana hannun 'ya'yanta.