Tambaya a Gindin Rimi

A gidanmu da ke unguwar Sabo, da an idar da magariba sai mu yara mu zagaye kurfotin Iya, kakata ta wajen uba. Tana fifita gawayi da murfin kwano, ƙarar okada na shigowa daga titin Mokola, sai ta ce, "Wanda bakinsa ke motsi ba shi da rabo." Daga nan ta fara ba mu labari.

Akwai labarin da na fi roƙonta. Wasu fatake uku ne suka gangaro kudu neman goro, suka iso wani ƙauye cikin kurmi, suka tarar ana ajiye dafaffiyar doya da manja a gindin wani ƙaton rimi. Biyu suka tofar da yawu, suka ce ba za su kwana a garin matsafa ba, suka wuce. Na ukun ya sauke kayansa, ya gaida wata tsohuwa, ya tambaye ta da guntun yaren da ya iya me ya sa suke yin haka. Ta ce wani baƙo ne ya taɓa mutuwa da yunwa a wurin saboda kunyar roƙo, shi ne suka yi wa abin bautarsu alkawarin ciyar da matafiya. Ya ce addininsa bai yarda ya ci wannan ba, ta shiga ta dafa masa wata. Ta kuma gargaɗe shi cewa kogin da ke gaba ya cika, ya dakata kwana biyu. Su biyun can ruwa ya tafi da kayansu, da ƙyar suka tsira.

Na taɓa ce mata, "Iya, to ya bar sallarsa?"

"Wa ya gaya miki? A ƙofar gidan tsohuwar ya shimfiɗa buzunsa. Ita ce ma ta ba shi ruwan alwala."

Iya ta rasu ba ta ga shigata jami'a ba. Sashen nazarin addinai na nema, shi aka ba ni. Baffa Sale, yayan babana, wanda ba a ƙetare maganarsa a gidan, ya juya takardar ya ajiye.

"Rabi, ki sauke Alƙur'ani, sannan ki je a riƙa karanta miki Baibul da al'adun masu tsafi?"

"Baffa, ku ba ni shekara ɗaya. In kun ga sallata ta canja, da ƙafata zan dawo gida."

Bai hana ni ba, amma wata shida bai amsa gaisuwata ba. Kullum sai na durƙusa na gaishe shi kafin in hau keke.

Karatun ma bai zo da sauƙi ba. Akwai ranar da wani malaminmu ya jero tambayoyi kan yadda aka tattara littattafan addinai, na koma gida na kasa cin abinci. Washegari na ɗauki littafin rubutuna na tafi wurin malamina na Islamiyya, muka bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wasu ya amsa, wasu ya ce in je in ƙara bincike. Na je kuwa. A lokacin na gane cewa ba tsira daga kogi Iya ke nuna mana ba. So take mu ga mutumin da ya san abin da ya riƙe, har yake iya zama ya saurari wani ba tare da tsoro ba.

Ina shekarar ƙarshe Baba Tunde ya rasu, tela ne Kirista da shagonsa ke jikin na Baffa tun kafin a haife ni. Da hantsi Baffa ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure sanye da babbar riga, idanunsa sun yi ja.

"Ban taɓa shiga makokinsu ba. Me ake ce musu? Kada in je in faɗi abin da zai ƙona musu rai, ko wanda zai saɓa wa Allah."

Na faɗa masa abin da za su yi da abin da ba sai ya yi ba, na koya masa kalmomin ta'aziyya da Yarbanci. Ya maimaita sau uku, ya gyara hularsa.

"Ɗauko mayafinki," ya ce. "Ke za ki shige gaba."