Hoton Ƙirjin Baba

Jiya ina share tarkacen wayata na ci karo da hoton ƙirjin marigayi Baba. Shi kaɗai ne hotonsa da nake da shi, domin bai taɓa yarda ya tsaya gaban kyamara ba.

Tari ne ya sa na kai shi wani asibiti a Bompai. A ɗakin hoto wani ma'aikaci ya jingina ƙirjinsa da wani faranti mai sanyi, ya ɗauki hoton. Ma'aikacin ya zura farantin cikin na'ura, haske ya karanta shi, sai ga haƙarƙarin Baba a kwamfuta.

Baba ya ce, "Ina nawa da zan riƙe?"

"Babu fim yanzu, Alhaji, sai dai a waya. An ma goge farantin, da shi za a ɗauki wanda ke biye da ku a layi."

Ya yi murmushi. "Har an goge ni ke nan."

Ni kuwa agogo nake kallo, kada in makara aiki a Sharada. Likita ya nuna wani farin tabo, ya ce mu dawo bayan mako biyu. Kullum sai in ce gobe, har goben ta ƙare.

Ban share hoton ba. Allah Ya haskaka kabarinku, Baba, ni kuma Ya goge mini wannan laifi.