Ranar da Ɗalibina Ya Katse Kawunsa

Da na tashi buɗe makarantar koyon shirya fim, ta 'yan makonni, don masu son zama furodusa da darakta, na taka Jega kaf ban sami ɗaki ba. A ƙarshe wani dattijo a Aliero ya ara mana ɗakin da yake ajiye albasa, saboda ɗan ƙanwarsa na cikin ɗalibaina. Ya ce mu zauna har ranar da ya ga dama. Warin wurin har yau yana hancina.

Kyamara ba ta ba ni wahala ba, yaran yanzu da waya aka haife su. Kalma ɗaya ce ta tsufar da ni, wato "kot", wadda darakta kan faɗa a dakata. Ɗan ƙanwar nan, saurayi daga Maiyama, ya fi kowa ido, amma in babba na magana gaban kyamara sai ya sunkuyar da kai, har batir ya mutu. Kullum ina hawan babur daga Jega in maimaita masa abu ɗaya: darakta ba ya kunya. Na faɗa da lallashi, na faɗa da faɗa, har na gaji da jin muryata.

Da muka zo fim ɗin gwaji, wanda yaron ne daraktansa, mai ɗakin ya ce shi ma a sa shi. Wa zai hana? Aka ba shi gaisuwa kawai, ya zarce da tarihin noman albasa tun zamanin kakansa. Na jingina da bango, na riga na haƙura. Sai na ji muryar yaron, a sarari, babu rawa.

"Kot. Kawu, a sake."

Dattijon ya dube shi. "Ni kac ce ma haka, ɗan nan? Gaban mutane?"

"Aiki na, Kawu."

Dattijon ya sa takalmansa ya fita. Washegari na tarar da bencinanmu a waje, an sa wa ƙofar kwaɗo. Yaron na zaune kan ɗaya, ya miƙe da ya gan ni.

"Malam, na yi daidai ko?"

Na ce masa ya yi daidai, don gaskiya ce. Sannan muka fara neman mai keke-napep da zai kwashe bencinan.